Ƙwallon Lambu: Wasan da Ya Tsiro a Ƙasar da Garma Ta Ƙi

A bakin madatsar ruwan Jakara da ke Wasai, cikin ƙaramar hukumar Minjibir, in aka ce lambu kowa ya san abin da ake nufi. Fangulan albasa ne da tumatir da latas da attaruhu, waɗanda ake sammako a ba su ruwa, da can da jigo, yanzu da injin da ke shan fetur kamar bai san tsadarsa ba. To sai ga rediyo, in an zo labarin wasanni, tana maganar wani abu wai shi ƙwallon lambu, wai wani Ba'amurke ya kwashi miliyoyin daloli a cikinsa cikin kwana huɗu. Manomin da ya yi tsaki bai yi laifi ba. Wane irin lambu ne wannan da ake shayar da shi safe da yamma, a aske masa ciyawa kamar kan ango, amma ba a taɓa tsinkar ko ganyen alayyafo a cikinsa ba?

Sunan da 'yan jarida suka laƙaba wa wasan golf ya yi daɗin faɗi, sai dai ya ɓoye asalinsa. Wasan ya fito ne daga wata irin ƙasa da manomi ya duba ya kau da kai.

A gabashin ƙasar Sikotilan, tsakanin bakin teku da inda gonaki suka fara, akwai wani zirin ƙasa da mutanen wurin ke kira links. Jigawa ce zalla: tuddan rairayi da iska ta tara, gajeriyar ciyawa mai tauri, da wata ƙaya mai rawayan fure wadda in ƙwallo ta faɗa cikinta sai a yi mata addu'a. Gishirin teku da iska ba sa barin itace ya girma, alkama ba ta yi, sha'ir ba ya yi. Saboda haka aka bar wa gari. A nan talakawa ke kiwon tumaki, mata su shanya wanki, masunta su baza taru, samari su koyi harbin baka. Tumaki da zomaye su ne masu askin ciyawa na farko, kuma galibin masu tarihin wasan suna ganin ramukan yashin nan da ke wahalar da 'yan wasa a yau sun samo asali ne daga kwazazzaban da iska da dabbobi suka ƙwaƙule, inda tumaki ke fakewa in sanyi ya tsananta.

Rubutaccen ambaton wasan na farko a ƙasar, hani ne. A watan Maris na 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, domin samari sun bar koyon harbin kibiya alhali ana zaman doya da manja da Ingila. Aka maimaita dokar a 1471, aka sake a 1491, alamar ba wanda ya ji. Daga ƙarshe dai a 1502 Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sandunan wasan a wurin wani mai sassaƙa baka a garin Perth. Mai doka ya shiga layi.

Garin da ya fi kowanne suna a wannan harka shi ne St Andrews. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya sa hannu a wata takarda: shi an yarda ya yi kiwon zomaye a wani sashe na jigawar, su kuma mutanen gari an tabbatar musu da haƙƙinsu na kiwo da wasanni a kanta, har da golf. Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ranar da ake sasanta manomi da makiyayi a kan burtali zai gane irin wannan takarda. Kuma kamar yadda aka saba, takarda ba ta hana rigima ba. A 1797 hukumar garin ta tsiyace, ta sayar da filin. Ya faɗa hannun wasu 'yan kasuwa, iyalin Dempster, waɗanda suka mai da shi gonar zomaye don nama da fata. Zomaye suka haƙe ko'ina, 'yan wasa suka shiga kashe su, aka yi ta shari'a har gaban majalisar dattawan Birtaniya. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, sai a 1821 wani mai ƙasa da ke son wasan, James Cheape, ya saye filin ya raba gardama. A 1894 filin ya koma hannun hukumar gari da dokar majalisa, a 1974 kuma wata dokar ta kafa kwamitin amintattu da ke riƙe da shi har gobe a madadin jama'a.

A tsakanin waɗannan shekaru ne wasan ya sami siffar da aka san shi da ita. Ƙa'idojinsa na farko, guda 13, an rubuta su a Leith a 1744. Filin St Andrews ramuka 22 ake bugawa a da, sai a 1764 aka haɗe wasu gajeru suka koma 18, duniya kuma ta bi. Faɗin ramin ma, milimita 108, gado ne daga wani ƙarfen haƙa rami da ake amfani da shi a Musselburgh tun 1829. A wannan garin na Musselburgh ne aka shirya wa mata masu tallan kifi gasa a 1811, kyautar wadda ta zo ta ɗaya kuwa kwandon ɗaukar kifi ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna su wane ne ke cikin wasan a lokacin.

Abin da ya raba mai kuɗi da talaka shi ne ƙwallon kanta. Bahaushe ya ari sunan ƙwallo daga ƙwallon goruba da na mangwaro, abin da yaro zai tsinta a bola ya buga da kara. Ta Sikotilan kuwa aikin dukanci ce: a ɗinka 'yar jakar fata, a dafa gashin tsuntsu mai yawan da zai cika doguwar hula, a cusa shi ciki da tsinken ƙarfe tun yana jiƙe, in ya bushe ta yi tauri kamar dutse. Gwanin maɗinki bai fi ya gama uku ko huɗu a yini ba, kuma ruwan sama ɗaya na iya lalata ta. Sai a 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wani itace na yankin Malaya, mai arha da juriya. Fitaccen maɗinkin St Andrews, Allan Robertson, ya ga abincinsa na neman ƙarewa, har ya ɓata da yaronsa Tom Morris don ya kama shi yana wasa da sabuwar ƙwallon. Yaron nan shi ne ya zo ya ci babbar gasar Birtaniya sau huɗu, gasar da aka fara a Prestwick a 1860 da mutum takwas kacal, ya kuma dawo ya shafe kusan shekara 40 yana kula da filin garinsu.

Yau ɗan wasan sha'awa, malamin makaranta ne ko direba ko ɗan fansho, yana iya buga wannan filin da Tiger Woods ya ci gasa a kansa a 2000 da 2005. Ba a tambayarsa ɗan wane ne. Zai nuna shaidar cewa ya iya wasan daidai gwargwado, ya sa sunansa a ƙuri'ar da ake fitarwa kwana biyu kafin ranar wasa, in ya dace ya biya. Kuɗin baƙo a lokacin bazara ya haura fam 300, ba wasa ba, amma mazauna garin suna yankar tikitin shekara a kan rahusa.

Bugun farko shi ne mai sa gwiwa rawa, ko da yake filin da ke gabansa ya fi kowanne faɗi. Mutanen gari na jingine da shinge suna kallo, ga wata hanya ta ratsa tsakiyar filin, sai an jira mai keke ko mai tura jariri ya wuce zuwa bakin teku. Can gaban rami na farko wani siririn rafi ya gitta, yana haɗiye ƙwallon duk wanda ya yi rowar ƙarfi. Daga nan sai iska ta karɓi ragama. Ramin da aka kai da bugu biyu jiya, yau uku ba su isa ba. Ramukan yashi 112 ne a warwatse, wasu ba a ganinsu sai an zo bakinsu, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum, har akwai wanda suka sa wa suna Jahannama a rami na 14. Woods ya yi kwana huɗu a 2000 bai faɗa ko ɗaya ba. Baƙonmu kuwa in ya fita daga guda da bugu biyu sai ya yi hamdala. A rami na 17 dole ya cilla ƙwallo ta saman kusurwar wani otal ba tare da yana ganin inda za ta sauka ba, bayan ramin kuma titi ne da katangar dutse. Bayan kamar awa huɗu yana tafe a ƙasa, sai ya hau 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan, wadda makiyaya suka riga 'yan wasa takawa, a ɗauke shi hoto.

An ƙayyade wa gwani bugu 72. Baƙonmu in ya tashi da 95 zai kwana yana ba da labari. Kuma wasan yana da wata dabara ta rangwame: ana rage wa mai rauni wasu bugu gwargwadon matsayinsa, ta yadda dattijo ɗan shekara 70 zai kara da saurayi a yi canjaras. Ranar Lahadi kuwa, in ba babbar gasa ake yi ba, rufe filin ake. Mutanen gari su fito da karnukansu da 'ya'yansu su baje a kan ciyawar da attajiran duniya ke mafarkin takawa.

Wasan da ya iso Kano ba wannan ba ne, ko da yake sandunan iri ɗaya ne. Ya biyo hanyar mulkin mallaka: Kalkata ta Indiya ta sami kulob a 1829, Kef ta Afirka ta Kudu a 1885. Sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Turawa suka kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, 'yan kamfani suka cika gari. Ma'aikacin da ya baro gida yana neman abin da zai rage masa yamma, kuma da yawa daga cikin injiniyoyi da 'yan kasuwar nan mutanen Sikotilan ne. Kulob ɗin golf na Kano, wanda ke nan har yanzu a wannan ɓangare na gari, ɗan wancan zamani ne. Na Rayfield da ke Jos, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa, yana lissafin shekarunsa daga 1913, na Kaduna daga 1921.

Inda aka samo filin ma labari ne. Bayan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka yanke cewa maganin abin shi ne Bature ya nisanci 'yan ƙasa, musamman yara, waɗanda suke ganin a jikinsu cutar ke zaune. Aka sa ƙa'ida cewa tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata a bar fili mai faɗin yadi 440, wato kwatan mil, babu gini a cikinsa, wai sauro ba zai iya ƙetarewa ba. Dokar birane ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari. Sauro dai bai karanta dokar ba. Amma fili ya samu, kuma a garuruwa da dama a irin wannan sarari aka shimfiɗa filin sukuwa da na ƙwallon dawaki da na golf. A St Andrews jigawar ta haɗa mai unguwa da mai tallan kifi. A nan an shata filin ne musamman don ya raba.

Sai kuma matsalar ciyawa. Damina a Kano wata huɗu ce, in ta yi kirki ta ɗan ɗara. Daga Nuwamba hunturu ya busar da komai, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa tsalle kamar an jefa ta a kan daɓe. Lallausar ciyawar da ake gangara ƙwallo a kanta zuwa rami ba ta rayuwa sai da ruwan da ko mutane ba su ƙoshi da shi ba. Dabarar da aka yi ita ce a tankaɗe yashi, a cuɗa shi da baƙin mai, a baza a daddaɓe kewaye da ramin. 'Yan wasa na kiransa birawun saboda launinsa. Kowace ƙwallo da ta sauka sai ta bar gurbi, kowane takalmi sai ya bar sawu, don haka akwai mai tsayawa da abin jan yashi, ya share hanya sumul daga ƙwallo zuwa rami kafin a buga. Mai wasa ya koma gida da warin gareji a tafin takalminsa.

Kada a raina wannan yashi. A kansa aka buga babbar gasar Nijeriya a kulob ɗin Ikoyi na Legas, wanda aka kafa a 1938, gasar da ta fara a 1969, ta riƙa jawo ƙwararrun Birtaniya masu gudun sanyin gida. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, ita ce nasararsa ta farko a matsayin ƙwararre, kafin ya je ya ci manyan gasannin duniya. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ci a 1988 da 1989. A 1981 kuwa wani Baturen Ingila, Peter Tupling, ya gama zagaye huɗu da bugu 255, adadin da ba a taɓa yin ƙasa da shi ba a irin wannan gasa a lokacin. Birawun da aka share da kyau ba ya yaudarar ƙwallo. Inda aka nufa nan take zuwa.

Sarakunan Arewa ba su waiwayi wasan ba sosai. Ƙwallon dawaki suka runguma, musamman gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi suna a fagen har wajen ƙasar nan. Dalilin a fili yake: doki ɗan gida ne, hawansa daraja ce. Amma babban mutum ya sauka ƙasa yana bin 'yar farar ƙwallo cikin rana, wani yaro na biye da shi da jaka? Wannan sai Nasara. Ƙofar da 'ya'yan talakawa suka shiga wasan ita ce ta ɗaukar jakar. Yaro ya yi shekaru yana kallon yadda ake riƙe sanda, ya san kowane tudu da kwari, ya lanƙwasa ƙarfen rodi ko reshen itace yana gwadawa a bayan fage in masu gida sun tafi. Mafi yawan ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya ta nan suka fito, kamar yadda su Tom Morris suka fito daga cikin masu yi wa attajirai hidima. Bayan 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikata da hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka gaji kujerun Turawa a kulob, shingen launin fata ya faɗi, na kuɗin rajista ya tsaya.

In aka bar Bompai aka nufi arewa, ta hanyar Ɗambatta ko ta Bichi ko ta Minjibir, nan take za a ga dalilin da wasan bai taɓa yin jijiya a karkara ba. Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma, abin da ya sa masana irin su Michael Mortimore suka shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai suna nazarinsa, Polly Hill kuma ta fitar da littafi a kan karkarar Kano a 1977. Abin da ya ba su mamaki shi ne ƙasar ba ta hutawa. Babu saura, babu daji. Gona na jikin gona, iyakarsu layin gamba ko lalle. Gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Da rani jakuna su shiga birni da itace, su fito da mangalar taki, a zube shi tsibi-tsibi a gona ana jiran ruwan shuka. Kowace ɗorawa da kuka da tsamiya tana da mai ita. Gawo ma, da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ba a banza aka bar shi tsaye ba. Bayan girbi a tattare kara don danni da girki, a ɗora harawa a kan reshe ko rufin soro. Ko tsinken da ya rage, akuya na jiransa.

Filin golf mai ramuka 18 yakan ci hekta 50 zuwa 60. A ƙasar da gado ya yanyanka gonaki har da yawa ba su kai hekta guda ba, wannan abincin unguwa guda ne. Jigawar da garma ta ƙi, wadda ita ce uwar wasan a Sikotilan, a nan babu ita, domin manomin Kano bai yarda akwai ƙasar da taki ba zai gyara ba. Duk da haka sunan wasan ya iso: a Minjibir ɗin nan akwai wurin shaƙatawa mai suna Porto Golf Resort, inda mutanen birni kan fita da iyalansu, musamman lokacin bukukuwan Sallah.

Abin da karkarar Kano ke da shi mai kama da jigawar St Andrews ɗan kaɗan ne: burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, makiyayar bayan gari, bakin tafki, filin Idi, da filin firamare inda samari ke buga ƙwallo da yamma, a yi dambe ko kokawa bayan kaka. Su ma na kowa ne, su ma kowa na da ido a kansu. Mai gonar da ke maƙwabtaka ya ci kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi, har burtalin da garke ke wucewa ya koma hanyar da jaki ɗaya ke bi da ƙyar. Ta ɓangaren Ungogo da Dawakin Tofa kuma birni ne ke tahowa, dillalan fuloti na gaba, masu bulo na biye. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi, amma da yawa daga cikin waɗannan filaye iyakarsu tana cikin kan dattawa ne kawai, dattawan kuma suna ta tafiya.

Mutanen St Andrews sun taɓa rasa nasu filin na kusan shekara 100 saboda bashin hukuma, kuma da shari'a da rubutacciyar doka suka dawo da shi. Dagatai da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa da Bichi ba sa bukatar jiran irin wannan. A auna burtali da makiyaya da filin wasan kowane gari, a kafa musu turakun siminti, a rubuta su da sunan jama'ar garin tun masu shaidar iyakokin suna raye.